TIRELA BABU FITILAR BAYA: MU DAINA ƊORA WA ƘADDARA LAIFIN SAKACI

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a kai ƙarshensa, musamman masu tireloli da tankoki, direbobi, masu gyaran wutar mota, da duk wanda yake da ɗan uwa mai bin hanya da dare. Wato kusan kowa ke nan.

Ga aikin da zan ba ku. A tafiyarku ta gaba da dare, ko Kano zuwa Kaduna ce, ko Kaduna zuwa Abuja, ko ta Lambata zuwa Bida har Mokwa, ku ƙirga tirelolin da kuka wuce. A cikinsu ku ware waɗanda fitilun bayansu ke ci duka, hagu da dama, da na birki, da sigina. Ba sai na faɗa muku abin da za ku gani ba. Wata ido ɗaya gare ta, sai ka zaci babur ne. Wata tana ƙyaftawa kamar mai ciwon ido, duk ramin da ta faɗa sai fitilar ta ɗauke ta dawo. Wata kuwa dulum, baƙa ƙirin, ba ka sanin da ita sai ƙamshin hayaƙin dizal ya bugi hancinka. Irin wannan ce iyalai ke afkawa ƙarƙashinta, gari ya waye mu cika Facebook da "Innalillahi" da "Allah Ya kiyaye gaba", kwana biyu mu manta.

Ni magana ta ɗaya ce: tirelar da ke tafiya cikin dare babu fitilar baya ba tsautsayi ba ce, sakaci ne da aka gani ƙiri-ƙiri aka kau da kai. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, sau da yawa matsalar ba ta wuce filogi guda da ya yi sako-sako ba.

Bari in yi bayani, don wasu sun ɗauka wani gagarumin aiki ne. Tirela abu biyu ce, kai da bodi. Batir, injin da makunnan fitila duk suna jikin kai. Bodi ba shi da wutar kansa ko kaɗan. Abin da ke kai masa wuta shi ne wayar nan mai murɗe-murɗe da kuke gani tana reto a bayan ɗakin direba, kusa da tiyo biyun iskan birki, ja da ruwan ɗorawa. A ƙarshen wayar akwai filogi da ke shiga soket a goshin bodi. A tsarin motocin Turai irin su DAF da MAN da Iveco, filogin da aka fi sani haƙora bakwai gare shi: ɗaya na wayar da ke mayar da wuta, wato ta ƙasa, biyu na ƙananan fitilun baya, hagu da dama, biyu na sigina, ɗaya na fitilar birki, na bakwai kuma na tsarin birkin bodi ne. Sababbin motoci akwai masu haƙora 15. To, duk hasken da ke gaya wa na baya cewa akwai tan talatin na siminti ko lita dubbai na fetur a gabansa, ta wannan ɗan filogin da bai fi dunƙulen hannu ba yake bi.

Me ke kashe shi? Abubuwa ne sanannu, kowane rewaya na gari zai lissafa maka su ido rufe. Girgizar hanya tana sa haƙoran su saki, su daina kama ramukansu da kyau. Ƙura da ruwan sama suna shiga, tagullar ta yi kore, wuta ta kasa wucewa. Ƙananan kusoshin da ke riƙe wayoyi a cikin filogin suna kwancewa. Murfin soket, wanda shi ne ke maƙale filogin kada ya zame, yana karyewa a ƙi sakewa. Wayar kanta in ba a rataye ta sama ba, sai ta dinga gogar ƙarfe duk lokacin da mota ta yi kwana, har ta ɓare. Sai kuma babbar mai laifi, wayar ƙasa. In ta saki ko wurin da aka ɗaure ta a jikin ƙarfe ya yi tsatsa, nan ne za ka ga abin mamaki: direba ya taka birki sigina ta kama, ya kunna sigina duk fitilun su dinga lumshewa tare. Na baya ya rasa gane tsayawa za a yi ko kwana.

Gyaran fa? A kashe mota da fitilu. A zare filogin a duba. A goge koren da samfefa mai laushi ko ɗan buroshi. Haƙoran da ke da tsaga a tsakiya, a ɗan buɗa tsagar a hankali da siririyar sukundireba don su sake kamawa. A buɗe bayan filogin a ɗaure kowace kusa. A kankare wurin wayar ƙasa har ƙarfe ya fito fari, a ɗaure tam. A shafa ɗan giris irin na wuta don hana ruwa. A rataye wayar yadda ba za ta taɓa ƙarfe ba, kuma da sauran tsawon da zai ishe ta kwana. Filogin da ya ƙone ko ya fashe a sake shi, kada a tsaya lallaɓawa. Daga nan direba ya zauna a ciki, yaron mota ya tsaya a baya: kunna ƙanana, taka birki, sigina hagu, sigina dama. Shi ke nan fa. Goge soket da sauya ƙwan fitila biyu bai kai kuɗin dizal ɗin da motar ke sha a tafiyar awa ɗaya ba. Binciken kansa kuwa bai kai lokacin da ake ɓatawa a teburin mai shayi ana jiran a soya ƙwai ba.

Amma me ake yi a zahiri? Filogi ya lalace, sai a yanke shi a yar, a murɗa wayoyi da hannu, a naɗe da salatif, in babu salatif a naɗe da leda. Fis ya ƙone, maimakon a nemi dalilin ƙonewarsa, sai a cusa waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari a gurbinsa. Shi fis ai an yi shi ne ya mutu don mota ta rayu. Ka cire shi ka sa waya, ranar da wayoyi biyu suka haɗu babu abin da zai katse wutar, sai dai su yi zafi su narke. Ku yi tunanin wannan a jikin tankar fetur. Ga kuma masu sa ƙwan ƙaramar mota mai bolt 12 a motar da tsarinta bolt 24 ne, kamar yadda yawancin manyan motocin Turai da na Chaina suke. Ƙwan ya yi haske tarwai ya mutu nan take ko kafin a je ko'ina, direba ya tafi da zaton yana da fitila.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, mita 40 da ɗoriya ke nan. Birkin kansa a busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, yana buƙatar mita 50 da wani abu. Jimla kusan mita 100. Ita kuwa ƙaramar fitilar gaba, wadda dole ka koma mata in wata mota na tahowa, haskenta bai cika wuce mita 50 zuwa 60 ba. Ma'ana, in babu jar fitila ko wani abu mai ƙyalli a bayan tirelar da ke tsaye, lokacin da za ka gan ta ka riga ka makara. Ƙara da hazon hunturu, ko ruwan sama, ko hasken motar da ke tahowa ya dalle maka ido. Jar fitilar nan da ake rainawa, daga ɗaruruwan mitoci ake hango ta. Ita ce ke ba ka daƙiƙun da za ka rage gudu.

Kuma shiga ƙarƙashin tirela ba kamar sauran karo ba ne. Gaban ƙaramar mota an ƙera shi ne ya lotse ya shanye dukan. To bodin tirela ya fi gaban motar tsawo, don haka gaban sai ya shige ƙasa salin-alin, ƙarfen bodi ya samu gilashi da kawunan mutane. Duk wanda ya taɓa ganin motar da aka jawo daga ƙarƙashin tirela, rufinta a shafe kamar an yanke da zarto, ya san me nake nufi. A Amurka, 'yar fim Jayne Mansfield ta mutu a irin wannan hatsari a 1967, har yau ƙarfen kariyar da ake gittawa a ƙasan bayan tirela da sunanta ake masa laƙabi a can. Daga ƙarshen 1993 suka wajabta manna tef mai ƙyalli, ja da fari, a jikin sababbin tireloli. Su mutuwar mutane ta sa sun gyara doka. Mu fa? Ƙarfen kariyar in ya lanƙwashe sai a yanke shi a sayar wa 'yan gwangwan.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Na farko, "ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ko da fitila sai an tafi." Babu mai musun ajali. Amma wanda ke faɗin haka, me ya sa yake kulle tankin dizal ɗinsa da kwaɗo? Me ya sa yake biyan maigadi a gareji? Me ya sa bai bar tayoyinsa a buɗe ya ce in an ƙaddara za a sace za a sace ba? Wato dukiya ana yi mata rigakafi, ran ɗan wani ne ake bar wa ƙaddara. Tun muna yara aka koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Filogin nan shi ne igiyar raƙumin.

Na biyu, "hanyoyi ne ba su da kyau." Gaskiya ne, kuma ramukan ne ma ke kwance filogin. Aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun 2018 aka fara shi, kowa ya ga irin jan ƙafar da aka yi. Wanda ya bi hanyar Bida da damina ya san azaba. To amma wannan hujja ai a kaina take, ba a kanku ba. In ka san hanya na girgiza wayoyi, sai ka ƙara yawan dubawa. Direba na sauka a Tafa ko Mararrabar Jos ya zagaya yana bugun tayoyi da ƙarfe yana sauraren ƙararsu. Me zai hana a wannan zagayen ya ce wa yaro taka mini birki in gani?

Na uku, "ƙananan motoci ne ke gudun wuce sa'a." Wannan ma gaskiya ne. Direbobin Sharon da Golf da Hummer bas da ke tsere don su yi sawu biyu a rana suna da nasu kason, masu motocin gida ma haka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma gudun wani ba ya halatta maka ajiye katangar ƙarfe a tsakiyar titi cikin duhu. Fasinjan da ke kujerar baya, da jaririn da ke cinyar uwarsa, su wane gudu suka yi?

Na huɗu, "ana sace fitilun." Akwai wannan, ban musa ba. Maganinsa ragar ƙarfe ce da mai walda zai yi a kan fitilar, kuma da yawa sun yi sun huta. Tef mai ƙyalli kuwa ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar waya, ko mota ta mutu murus yana aiki muddin an goge masa ƙura.

Na biyar, wanda na fi jin daɗinsa: "kai ma'aikacin gwamnati ne, kana ofis ƙarƙashin fanka, me ka sani game da wahalar hanya?" To, ban taɓa tuƙa tirela ba, amma aiki yana kai ni jihohi, kuma a bayanku nake tafiya. Wanda ke bayan tirela ai shi ya fi kowa sanin ko fitilarta na ci, tunda direba daga kujerarsa ba ya ganin bayansa.

A nan ne nake son a yi adalci ga direbobi. Akwai wani dattijon direba da muka taɓa zama benci ɗaya a wurin cin abinci a hanya, na yi masa wannan ƙorafi. Ya ce, "Yallaɓai, kuɗin hanya a ƙirge ake ba mu. Ga na ci, ga na shingaye, ga na faci. In na kira maigida na ce fitila ta mutu, cewa zai yi injin na tashi? In na ce yana tashi, ya ce to a tafi, in an dawo a duba." Na ce, "Baba, in an dawo ana dubawa?" Dariya kawai ya yi. Kun ji inda gizo ke saƙar. Mai mota ba ya wasa da abin da zai hana kaya isa: injin, giya, taya. Fitilar baya ba ta hana kaya isa, ran wasu kawai take karewa, shi ya sa take ƙarshen lissafi. Don haka duk hukuncin da zai tsaya a kan direba da yaron mota, an bar jaki ana dukan taiki ne. Alhajin da ke da tirela ashirin, da kamfanin da ke da ɗaruruwa, su ne ya kamata su ji a aljihunsu.

Doka kuwa ba ita muka rasa ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, tun 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Akwai dokar hukumar ta 2007, akwai ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na ƙasa na 2012, kuma tuƙi babu ingantattun fitilu laifi ne a cikinsu. Jihohi na da jami'an VIO masu ba da takardar lafiyar mota, Kano na da KAROTA, Kaduna na da KASTLEA. Tambayata ga tsarin gaba ɗaya ita ce: matsalar dare ce, me ya sa kusan duk binciken da rana ake yin sa? Da tsakar rana tirela mai fitila da marar fitila kamarsu ɗaya sai an sa direba ya kunna. Sannan takardar lafiyar mota da ake sabuntawa shekara-shekara, in har ana iya samunta ba tare da wani ya zagaya bayan motar ba, to rasit ce kawai ta kuɗin shiga.

Mun yi kuka a Majiya ta Jigawa a watan Oktoban 2024, inda gobarar tanka ta ci fiye da mutum 150. Mun sake kuka a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja a Janairun 2025, mutum fiye da 80. Waɗannan ba matsalar fitila ba ce, kada a ce na ce. Na kawo su ne don in nuna halinmu: sai gawa ta yi yawa a wuri ɗaya muke kafa kwamiti. Su kuwa masu shigewa ƙarƙashin tirela uku-uku ne, biyar-biyar, bakwai-bakwai, yau a nan gobe a can. Ba sa samun kwamiti, ba sa samun ziyarar gwamna. Gidajensu ne kawai ke sanin an yi rashi.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kwangila ko kasafin biliyoyi.

Duk inda ake lodi, depo ne, masana'antar siminti ce, kasuwar shanu ce irin ta Potiskum, ko kasuwar hatsi irin ta Dawanau, kada mota ta fita ƙofa sai an ga fitilar baya, birki da sigina suna aiki. FRSC na da shirin duba tankoki kafin lodi a depo-depo; a faɗaɗa wannan tunani zuwa sauran kaya. Ƙungiyoyin NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG suna da wakilai a waɗannan wurare, suna karɓar kuɗin ƙungiya ba fashi. Wanda ya iya tsayar da mota don rasit zai iya tsayar da ita don fitila.

A mayar da binciken fitila zuwa goshin magariba, a mafitar manyan wuraren da tireloli ke yada zango. Motar da ba ta da fitila a ajiye ta gefe, a kira rewaya ya gyara a wurin, sannan ta wuce. Tarar da za a karɓa a bar mota ta ci gaba cikin duhu ba ta ceci kowa ba.

Tarar kuma ta bi lambar mota zuwa ga mai ita. In ta maimaita, a riƙe motar. Ranar da kaya suka kwana biyu a tsare saboda filogi, wallahi washegari za ku ga an sayo filogi katan-katan.

Ku masu gyaran wuta, sana'arku amana ce. In an kawo muku aiki an ce "ɗan haɗa mana kawai mu ƙarasa", ku faɗi gaskiya cewa murɗin hannu da leda ba zai kai Zariya ba. Ku direbobi, ku ajiye ƙwai biyu-uku, fis masu lambar da ta dace, da sukundireba a mota. In mota ta mutu a hanya, ganye da duwatsu ba sa haske da dare. A sa alamar nan mai kusurwa uku nesa da mota sosai, ba a gindinta ba, a kunna fitilun gargaɗi in da wuta. In an gama gyara kuma a kwashe duwatsun, don su ma sun kashe mutane.

Mu kuma masu ƙananan motoci, in ba dole ba a rage tafiyar dare. In ta kama, kada ka yi gudun da ya fi abin da fitilarka ke haska maka. Ka ga ja guda ɗaya a gaba, ɗauka tirela ce mai ido ɗaya har sai ka tabbatar babur ne. Fasinja, bakinka ba a ɗinke yake ba, ka ce wa direba ya rage. In kun tarar da babbar mota ta mutu a kan titi babu alama, lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, a kira. In kun tsaya wuri ɗaya da direban da fitilarsa ba ta ci, ku gaya masa cikin mutunci, mai yiwuwa bai ma sani ba.

A cikin abokaina a nan akwai masu tireloli, na sani, wasunku tare muka yi makaranta. Ban kama sunan kowa ba. Amma yau da daddare ka kira direbanka, ka ce ya sa yaro ya ɗauko maka bidiyon bayan motar, an taka birki an kunna sigina. Wayar da kake bibiyar inda kayanka suka kai da ita ta isa wannan aikin. In fitilun na ci, alhamdulillahi. In ba sa ci, ka tura kuɗin gyara kafin motar ta motsa, domin motar da za ta biyo bayanta ba ka san 'ya'yan wa ke ciki ba.

Direbobi da masu gyara da ke karantawa, in akwai abin da kuka ga ya fi wannan sauƙi ko inganci, ku faɗa a ƙasa mu ƙaru. Wanda kuma ya san mai tirela, ya tura masa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.